Kokowar manyan kamfanoni a kan wayar hannu da intanet

Wayar hannu ta zama abin da mutum ba ya rabuwa da shi, a birni ko a ƙauye. Da ita ɗan kasuwa yake jin farashin wake da albasa kafin ya ɗora kaya a mota, da ita ɗan ci-rani yake aiko da saƙo gida, da ita kuma ma'aikaci yake karɓar takardun aiki. Amma kaɗan ne cikin masu riƙe da ita suka san irin kokowar da ake yi a kanta tsakanin waɗansu kamfanoni ƙalilan, waɗanda mafi yawansu na Amurka ne, sauran kuwa na Koriya ta Kudu da ƙasar Sin. Sakamakon wannan kokowa shi yake yanke farashin waya, da abin da za a iya yi da ita, da kuma hannun da labarin mai ita yake faɗawa. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san masu kokowar, da abin da suke nema, da inda al'amarin ya shafi wanda ya sayi wayarsa a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram.

Kafin a shiga bayani, ga abin lura game da lissafi. Duk inda aka ce dala a nan, dalar Amurka ake nufi, wadda a ƴan shekarun nan take kai-da-komo wajen tamma 600 na sefa. Ba dalar kasuwa mai tamma 5 ba ce. Yuro ɗaya, watau kuɗin Tarayyar Turai, tamma 656 ne. Miliyar ɗaya kuwa miliyan dubu ne.

Abin da ake yi wa kokowa

Wayar zamani, watau mai gilashin da ake shafawa, hawa uku ce. Hawa na farko shi ne jikinta: gilashi, da batir, da kyamara, da ƴar ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Na biyu shi ne babbar manhaja, tsarin umarnin da ke tafiyar da wayar baki ɗaya, wanda in babu shi wayar ƙarfe ce da roba kawai. Na uku su ne ƙananan manhajojin da mutum yake ɗorawa a kai, irin su WhatsApp da Facebook da YouTube, tare da manhajar buɗe shafukan intanet da ta bincike.

Masu ƙera jikin waya suna da yawa. Amma babbar manhaja, in aka fitar da ƙasar Sin, biyu ce kacal ta rage: Android ta kamfanin Google, wadda ke cikin wajen waya 7 daga kowace 10 a duniya, da iOS ta kamfanin Apple, wadda ke da kusan dukan saura. Wanda ya mallaki babbar manhaja shi ne mai ƙofa. Shi yake faɗin manhajar da za ta shiga da wadda ba za ta shiga ba, shi yake zaɓen abin da mutum zai fara gani in ya kunna waya, kuma shi yake yankar la'ada a kan cinikin da aka yi a ciki. Matsayinsa ya yi kama da na wanda ya gina kasuwa, ya kewaye ta, ya bar ƙofa ɗaya, sa'an nan shi ma ya buɗe rumfunansa a ciki yana gasa da masu haya.

Kowane kamfani da inda yake samun abincinsa. Apple kaya yake sayarwa: a shekararsa ta kuɗi ta 2023 ya tara dala miliyar 383, fiye da rabi daga wayar iPhone. Alphabet, uwar kamfanin Google, ta tara dala miliyar 307 a 2023, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu daga talla suka fito. Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya tara kusan dala miliyar 135 a wannan shekarar, kusan duka daga talla. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai waya ba ya biyan Google ko Facebook ko da tamma ɗaya. Masu talla ne suke biya, abin da suke saye kuwa shi ne hankalin mai waya da sanin halinsa: garin da yake, abin da yake nema, da abin da ya saba kallo.

Darasin Microsoft da Netscape

Irin wannan rigima ta girmi wayar zamani. A shekarar 1989 wani masani ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, ya tsara hanyar haɗa shafuka da juna a intanet, a 1993 kuma cibiyar ta sakar wa duniya wannan fasaha kyauta. Shafukan ba mallakar kamfani ɗaya ba ne, amma sai da manhaja ake buɗe su. Kamfanin Netscape ya fito da tasa a 1994, ta karɓu ƙwarai. Kamfanin Microsoft, wanda manhajarsa ta Windows ke cikin mafi yawan kwamfutoci, ya hangi haɗari: in mutane suka koma yin ayyukansu a shafukan intanet, Windows za ta rage daraja. A 1995 ya fito da tasa manhajar, Internet Explorer, daga baya ya haɗe ta da Windows ba tare da ƙarin kuɗi ba. Cikin ƴan shekaru Netscape ya rasa kasuwarsa.

A 1998 gwamnatin Amurka ta kai Microsoft kotu bisa zargin babakere. A shekarar 2000 alƙali ya ba da umarni a raba kamfanin gida biyu. A 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa kamfanin ya keta doka, amma ta soke rabawar, daga nan aka yi sulhu. Darasin da sauran kamfanoni suka ɗauka shi ne, abin da mutum ya tarar an riga an saka masa cikin na'ura, da wuya ya sauya shi, ko da akwai wani a gefe. Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a shekarar da aka fara wannan shari'a, ya riƙe darasin da kyau.

Shekarar 2007 da faɗuwar Nokia

A farkon 2007 kamfanin Nokia na ƙasar Finlan shi ne sarkin waya, domin wajen waya 4 daga kowace 10 da ake sayarwa a duniya nasa ne. Ƙaramar wayarsa mai tocila, Nokia 1100, an sayar da fiye da miliyan 250 nata. Manyan ma'aikata da ƴan kasuwa kuwa BlackBerry ta ƙasar Kanada suke riƙewa. A watan Janairu na wannan shekara Steve Jobs, shugaban Apple, ya nuna wa duniya iPhone. A 2008 Apple ya buɗe kantin manhajoji mai suna App Store, inda kowane mai haɗa manhaja zai iya kai kayansa. Daga nan darajar waya ta koma ga yawan abin da za a iya ɗora mata.

Google ya riga ya shirya. Tun 2005 ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Android, kuma a 2008 wayar farko mai wannan manhaja ta fito daga kamfanin HTC na Taiwan. Dabarar Google ta saɓa wa ta Apple. Apple shi kaɗai yake amfani da babbar manhajarsa, yana sayar da waya da tsada. Google kuwa ya ba masu ƙera waya Android kyauta, amma wanda yake son kantin manhajojin Google a wayarsa, sai ya karɓa tare da manhajar binciken Google da Chrome, manhajarsa ta buɗe shafuka. Ta haka ya tabbatar cewa in mutane sun bar kwamfuta sun koma waya, a gabansa za su wuce.

Nokia ya yi jinkiri a kan tsohuwar manhajarsa ta Symbian. A watan Fabrairu na 2011 ya ɗaura aure da Microsoft, ya rungumi manhajar Windows Phone. A 2014 Microsoft ya sayi sashen waya na Nokia a kan yuro miliyar 5,44. Shekara ɗaya bayan haka ya bayyana hasarar dala miliyar 7,6 a kan wannan ciniki, a 2017 kuma ya daina ƙoƙarin raya manhajar. Kuɗi bai gaza ba, abin da ya gaza shi ne jama'a: masu haɗa manhaja ba su zuwa inda babu masu waya, masu sayen waya kuma ba su zuwa inda babu manhajoji. Wannan tarko ya kama wasu ma. Wayar da Facebook ya haɗa kai da HTC suka fitar a 2013 ba ta yi kasuwa ba, haka wayar Fire ta kamfanin Amazon a 2014. BlackBerry ya daina ƙera waya da kansa a 2016.

Abokan gaba masu cin kwano ɗaya

Da fage ya rage saura ɓangare biyu, sai rigima ta koma kotu a kan takardun mallakar ƙirƙira. A 2011 Apple ya yi ƙarar Samsung na Koriya ta Kudu, babban mai ƙera wayoyin Android, yana cewa ya kwaikwayi siffar iPhone. A watan Agusta na 2012 wata kotu a jihar Kalifoniya ta ce Samsung ya biya fiye da dala miliyar ɗaya. Aka yi ta ɗaukaka ƙara ana rage kuɗin, har suka sasanta a 2018. Google ma ya sayi kamfanin wayar Motorola a kan dala miliyar 12,5 a 2012, galibi domin tarin takardun mallakar da yake da su, ya riƙe mafi yawansu, ya sayar da kamfanin ga Lenovo na ƙasar Sin a 2014 a kan abin da bai kai dala miliyar 3 ba.

Amma duk da wannan gaba, ba mai iya rabuwa da wani. A lokacin da ake shari'ar, Samsung yana sayar wa Apple kayan haɗa waya, kuma shi ne babban mai ba shi gilashin iPhone tun 2017. Ƙwaƙwalwar iPhone kamfanin TSMC na Taiwan ne yake ƙera ta, bisa tsarin da kamfanin Arm na Ingila ya ƙirƙiro, harhaɗawa kuwa mafi yawa a masana'antun Foxconn ake yi, a ƙasar Sin da Indiya. Ma'adinin kobalt da ke shiga batir, wajen kashi 70 cikin 100 nasa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi.

Mafi girman wannan cuɗanya ita ce ta Apple da Google. A gaban kotu ya bayyana cewa a 2022 kaɗai Google ya biya Apple dala miliyar 20 domin manhajar bincikensa ta zama wadda mai iPhone zai tarar a shirye. A 2021 jimillar abin da Google ya biya masu ƙera waya da kamfanonin sadarwa da masu manhajar buɗe shafuka domin irin wannan matsayi ta kai dala miliyar 26,3. Masu suka suna cewa kamfanin da yake karɓar irin wannan kuɗi kowace shekara ba shi da dalilin ƙirƙiro tasa manhajar bincike ya yi gasa da mai biyansa.

La'ada da ikon mai ƙofa

Apple da Google sun daɗe suna yankar kashi 30 cikin 100 na kuɗin manhaja ko na abin da aka saya cikinta ta hanyar kantunansu. A 2021, bayan matsin lamba, suka rage wa ƙananan masu haɗa manhaja zuwa kashi 15. A watan Agusta na 2020 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya saka tasa hanyar biya cikin wasan, kantunan biyu suka kore shi, shi kuma ya kai su kotu. A shari'arsa da Apple ya faɗi a mafi yawan ƙorafe-ƙorafensa, sai dai alƙaliya ta umurci Apple ya bar masu manhaja su nuna wa mutane wata hanyar biya, kuma a watan Afrilu na 2025 ta same shi da laifin ƙin bin umarnin. A shari'arsa da Google kuwa, masu taya alƙali hukunci sun ba Epic gaskiya a watan Disamba na 2023.

Halin da Meta ya shiga ya nuna yadda rashin ƙofa yake. Kamfanin ya sayi Instagram a 2012 a kan dala miliyar ɗaya, ya sayi WhatsApp a 2014 a cinikin da aka sanar a kan dala miliyar 19, ya tara mutane fiye da miliyar 3 a manhajojinsa. Duk da haka ɗan haya ne a gidan Apple da na Google. A watan Afrilu na 2021 Apple ya sa doka cewa kowace manhaja sai ta nemi izinin mai iPhone kafin ta bi sawunsa cikin sauran manhajoji. Mutane da yawa suka ƙi ba da izinin. A farkon 2022 Meta ya sanar cewa wannan canji zai jawo masa hasarar wajen dala miliyar 10 a shekarar. Apple ya ce sirrin jama'a yake karewa, kuma mai waya ya amfana da gaske. Amma masu lura sun nuna cewa shi ma Apple yana da nasa kasuwancin talla, wanda ya bunƙasa a lokacin.

Hukumomi sun shiga tsakani

Tarayyar Turai ce ta fara ɗaga sanda. A 2017 ta ci Google tarar yuro miliyar 2,42 saboda fifita nasa shafin kwatanta farashi a sakamakon bincike. A 2018 ta ci shi tarar yuro miliyar 4,34 saboda sharuɗɗan da yake gindaya wa masu ƙera wayoyin Android. In aka juya wannan kuɗi zuwa sefa ya haura miliyar 2.800, watau ya ɗara dukan kasafin kuɗin ƙasar Nijar na waccan shekara. Kotun Turai ta ɗan rage shi a 2022. Amma tara ba ta canza kasuwa sosai ba, domin shari'a tana cin shekaru, kamfani kuma yana iya mayar da kuɗin cikin ƴan makonni. Saboda haka a 2022 Tarayyar ta kafa dokar kasuwannin zamani, wadda ta tanadi abin da mai ƙofa zai yi da wanda ba zai yi ba tun kafin a kai ga ƙara. A 2023 aka sa kamfanoni 6 a ƙarƙashinta: Alphabet, Amazon, Apple, Meta, Microsoft, da ByteDance na ƙasar Sin mai manhajar TikTok. Daga 2024 aka tilasta wa Apple ya bar wasu kantunan manhaja su shiga iPhone a ƙasashen Tarayyar. A watan Afrilu na 2025 aka ci Apple tarar yuro miliyan 500, Meta kuma miliyan 200, a ƙarƙashin dokar. Wata dokar Turai ta caja iri ɗaya ce ta sa Apple ya sauya bakin cajar iPhone a 2023 ya koma irin na sauran wayoyi, kuma wannan canji ya game duniya.

A Amurka, gwamnati ta yi ƙarar Google a watan Oktoba na 2020. A ranar 5 ga Agusta 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike, inda yake riƙe da wajen kashi 90 cikin 100, kuma ya kare matsayinsa ta hanyar da doka ta hana. Gwamnati ta nemi a tilasta masa sayar da Chrome. A watan Satumba na 2025 alƙalin ya ƙi, sai dai ya hana yarjejeniyar da ke toshe wa wasu hanya, ya kuma umurci Google ya ba abokan gasa wasu bayanai. A 2024 gwamnatin ta yi ƙarar Apple ma. Ƙarar da hukumar ciniki ta Amurka ta shigar tana neman a raba Meta da Instagram da WhatsApp kuwa ta faɗi a watan Nuwamba na 2025, domin alƙali ya ga TikTok da YouTube suna gasa da shi ƙwarai.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Google yana cewa mutane suna zaɓensa ne don ya fi iya bincike, kuma Android ta kyauta ce ta sa waya ta yi araha. Apple yana cewa tsaron ƙofa shi ke hana manhajojin ɓarayi shiga. Abin da kotuna suke dubawa shi ne ko wanda ya yi nasara da ƙwazonsa ya koma yana amfani da nasarar domin hana na baya tasowa.

Ƙasar Sin ta shigo fage

A watan Mayu na 2019 gwamnatin Amurka ta sa kamfanin Huawei cikin jerin waɗanda aka hana kamfanonin Amurka ciniki da su sai da izini, bisa dalilin tsaro, zargin da Huawei ya musanta. Sababbin wayoyinsa suka rasa kantin Google da YouTube da taswira. A cikin ƙasar Sin wannan bai dame shi ba, domin can ba a amfani da hidimomin Google, har ma a tsakiyar 2020 ya ɗan wuce Samsung a yawan wayoyin da aka fitar. Amma da aka toshe masa hanyar samun ƙwaƙwalwar waya a wannan shekarar, kasuwarsa ta waje ta rushe, ya sayar da reshensa na Honor. Ya koma ga tasa babbar manhajar, HarmonyOS, a 2023 kuma ya fito da waya mai ƙwaƙwalwar da aka ƙera a ƙasar Sin. Wannan lamari ya nuna wa kowace ƙasa cewa ƙofar da kamfani yake riƙe da ita, gwamnatin ƙasar kamfanin tana iya rufe ta ranar da ta so.

A Afirka wani kamfanin Sin ne ya ci kasuwa, wanda mutane da yawa ba su san sunansa ba ko da yake suna riƙe da kayansa. Transsion, mai hedkwata a birnin Shenzhen, shi ne mai Tecno da Itel da Infinix. An kafa shi a 2006, ya mai da hankali ga Afirka tun 2008. Ya lura da abin da manya suka raina: wurin katin sim biyu ga wanda rezo ɗaya ba ya isarsa, batir mai daɗewa ga garin da wuta ba ta tsayawa, kyamarar da aka gyara domin baƙar fata, da farashin da talaka zai iya. A 2011 ya buɗe masana'antar harhaɗawa a Habasha. A ƴan shekarun nan wajen rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Sai dai dukansu Android ce ke tafiyar da su, watau Transsion ya ci hawa na farko, ƙofa kuwa tana hannun Google. Riba ma ba ta bin yawa: Apple yana sayar da wajen waya ɗaya daga kowace 5 a duniya, amma bisa ƙiyasin masu bin diddigin kasuwa fiye da kashi uku cikin huɗu na ribar sana'ar nasa ne.

Sabon fage

A ƙarshen watan Nuwamba na 2022 kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, manhaja mai ƙirƙirarriyar basira wadda ake yi wa tambaya ta ba da amsa a rubuce. Microsoft, wanda ya rasa waya kuma manhajar bincikensa ta Bing ba ta taɓa kusantar Google ba, ya zuba kuɗi masu yawa a OpenAI tun 2019. Google ya mayar da martani da tasa, wadda ake kira Gemini, Meta ya saka tasa cikin WhatsApp, Apple kuma ya haɗa ChatGPT da iPhone a ƙarshen 2024. Haɗarin da Google yake gani a fili yake: in mutum ya sami amsa kai tsaye, ba zai bi jerin shafuka ba, tallan da ke gefensu kuma zai rasa mai kallo. Wannan sabuwar gasa tana cikin dalilan da alƙali Mehta ya bayar na sassauta hukuncinsa. Amma irin wannan manhaja tana bukatar manyan gidajen kwamfuta da wutar lantarki mai yawa, waɗanda kamfanoni ƙalilan ne suke da kuɗin ginawa, kuma mafi yawansu su ne dai waɗanda aka ambata a sama.

Rabon Afirka da Nijar

Gasar ta kawo alheri da ba a musunsa. Waya ta yi araha, saƙon murya ya ba wanda bai yi karatu ba damar aika magana nesa, kuma neman sababbin masu amfani ya sa kamfanoni suka waiwayi harsunan Afirka: Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya fara aiki da Hausa a 2016. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci yana iya rubuta saƙo da harshensa, ya kuma karanta na wasu.

Amma dogaro ya yi yawa. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya wajen awa 6, ciniki da saƙonni suka tsaya tare da su a ƙasashe da dama. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka katse a gaɓar Kodebuwa, intanet ya raunana a ƙasashe fiye da 10, har da Nijar, wadda ba ta da gaɓar teku kuma ta ƙasashen maƙwabta take samun hanya. Manyan kamfanonin sun shiga wannan fanni ma. Wayar teku ta Google mai suna Equiano ta sauka a Lome da Legas a 2022, Meta yana jagorancin wata mai suna 2Africa mai tsawon kilomita 45.000, Starlink na Elon Musk kuma, mai aiki da taurarin ɗan'adam, ya fara hidima a Nijar a 2025. Kowace sabuwar hanya tana rage tsada da katsewa, kuma kowace tana ƙara abin da ke hannun kamfanonin waje.

Ƙasa ɗaya mai ƙaramar kasuwa ba ta da nauyin da Tarayyar Turai take da shi, wadda ke magana da sunan mutane wajen miliyan 450. Duk da haka ba a rasa abin yi ba. A watan Yuli na 2024 hukumar kare masu saye ta Nijeriya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 saboda yadda yake sarrafa bayanan mutane. Tarayyar Afirka tana da yarjejeniyar Malabo ta 2014 a kan tsaron intanet da kare bayanai, wadda ta fara aiki a 2023. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, da hukumar ARCEP mai sa ido a kan kamfanonin sadarwa. Abin da ya rage shi ne a ba waɗannan hukumomi ƙwararrun ma'aikata da kayan aiki, ƙasashen yankin kuma su riƙa magana da murya ɗaya in za su zauna da waɗannan kamfanoni.

Ga ma'aikatun gwamnati, abin dubawa shi ne inda takardun hukuma suke kwana in an aika su ta manhajar kamfanin waje, da kuma hanyar da za a bi ranar da manhajar ta tsaya. Ga mai waya kuwa, yana da ikon da bai cika amfani da shi ba. Yana iya hana manhaja sanin inda yake, ko shiga hotunansa da lambobin mutanensa, in aikinta bai bukaci haka ba. Yana iya sauya manhajar bincike ko ta buɗe shafuka da ya tarar a wayar. Ɗan kasuwar da dukan abokan cinikinsa ke cikin manhaja ɗaya, ya kyautu ya ajiye lambobinsu a littafi. Dala miliyar 26,3 da Google ya biya a shekara ɗaya, domin kada mutum ya taɓa abin da ya tarar a wayarsa aka biya su, kuma wannan ya isa ya nuna darajar zaɓin da ke hannun mai waya.